Gwiwar Tsoho Mamman da Minjirya

"Lahiya lau, angona. Ya gwiwa? Har yanzu ita ke mulkin gidan?"

Barira ce ta faɗo zauren kakanta, Tsoho Mamman, ɗauke da ƙwarya rufe da faifai. Tun tsakiyar damina gwiwa ta dasa shi bisa tabarma, ga gero ya nuna a gona. Likita a Maradi ya fara gasa masa ita da na'urar lantarki, amma daga zuwa guda tsoho ya rantse ba ya komawa. Yau ce ranar komawar, motar Hamisu kuma tana bakin kasuwa tana lodi.

"Gwiwa lau, mummunar amarya. Mi kika kawo min? Fura?"

"Fura ta masu tahiya ce. Tashi, mota za ta bar ka."

"Ta bar ni. A ɗaura min waya, ƙafata ta kama rawa ita kaɗai gaban ɗiyan mutane? Ni da ko ranar auren kakarki ban taka ba."

"Ta ce ka taka, iyawa ce ba ka yi ba. Kuma ran da ka dawo ai barci ka sha, minsharinka har ya tsinke wa akuyoyi igiya."

"Zogin ya lafa, ban musa ba. Amma wutar nasara ba ta ƙara shiga jikina."

"Na sani. Shi ya sa na kawo maka ta gida."

Ta ɗage faifan. Minjirya ce ƙatuwa daga tabki tana juyi cikin ruwa, kifin nan mai fizgar duk wanda ya taɓa shi.

"Miƙo gwiwar. Wagga ba waya, ba ɗiyan mutane."

"Minjirya? Yarinya, ni da ita nike cuɗa baya tun ana kiran tabkin nan kududdufi."

"To cuɗa mu gani."

Tsoho ya naɗe hannun riga, ya tsoma. Kafin Barira ta ƙifta ido sai ga shi can bakin ƙofa tsaye, ba sanda, hula a ƙasa, yana yarfa hannu yana salati.

"Ka ga har ka miƙe. A ƙara a gwiwar?"

"Ta Maradi in ka yi ƙara ana rage ta. Wagga ba ta da tarbiyya, sak mai ita."

Dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango. Ya laluba aljihu ya jefa mata goro.

"Miƙo min sandata, ki ruga ki tsai da Hamisu. Ita kuma ki dafa ta da yaji, in na dawo in rama."