Kwamfutar da ta ƙi yin shiru

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da manya suka zo daga Yola kallon kwamfutar sashenmu a Mubi, ƙarshen zamanin Gongola. Ni ne sabon malamin lantarki, kaina na hayaƙi. Na rubuta manhajar da ke tace hayaniya daga sautin da aka ɗauka, na kuma jera mata umarni a fayil guda. Da an kunna, baƙin allo kawai za ka gani, ita za ta ɗauko sautin, ta wanke, ta saka a lasifika, ta maimaita. Murna ta hana ni zama.

Don gwaji, tun kafin ranar, na ajiye makirfo kusa da janareto ina karanta jarida. Da na gaji da karatun, ni kaɗai, na manta makirfo na ɗauka, sai na ɓuge da rera wa Rifkatu waƙa, mai buga mana tafireta, 'yar garin Muchalla, wadda ko gaisuwa ban iya yi mata ba sai da in-ina. (Na saurari farkon kawai, na ji jarida tsaf, na ce shi ke nan.)

Da ranar ta zo, Oga Bitrus, shugaban sashe, ya ja ni gefe ya ce, “Malam, in sun ji daɗi za su ƙaro mana injuna. Kar ka ba ni kunya.”

Na ce, “Oga, ko taɓa ta ba zan yi ba.” Don burga ma na zare allon madannai a gaban baƙi, na miƙa wa babbansu ya riƙe.

Na kunna. Aka fara jin rugugin janareto, can sai ya ɓace, muryata ta fito tas tana karanta labarai. Aka tafa! Ina ta sunkuyar da kai kamar ango. Sai lasifika ta yi gyaran murya ta ɗauko: “Rifkatu, Rifkatu, zumar dutsen Muchalla...”

Ga Rifkatu tsaye da faranti tana raba lemo.

Na kai hannu, babu madannai. Na rarrafa ƙarƙashin tebur tsakanin takalman baƙi na kashe soket. Oga Bitrus, da ya zaci waya ce ta goce, ya sunkuya ya sake kunnawa. Baiwar Allah kwamfuta kuwa ta yi abin da na koya mata, ta faro daga farko.

Babban baƙon ya share hawayen dariya ya ce, “Injin da ya iya ciro wannan murya daga janareto, ai ya yi aiki. Sai dai mai waƙar ne ba ya gyaruwa.”

Injunan sun zo. Rifkatu kuwa abu ɗaya ta faɗa min a bakin ƙofa: “Malam, da ka tsaya a jarida.” Ɗalibai suka yi ta kirana Zumar Dutse har na bar makarantar.

Tun daga nan, duk abin da zan koya wa tafiya shi kaɗai, sai na fara koya masa tsayawa.