Rabin Gashin Baki a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsaya a wani shago cikin kasuwar Haɗeja ina zaɓen abin aske gemu ba. Da ka ga yadda nake ɗauka ina juyawa ina ajiyewa, sai ka rantse gona zan saya.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a cikin gari, kuma ina neman auren Falmata, wadda muka haɗu a kwalejin horon malamai. Iyayenta suna wani ƙauye gaba da Guri. Magana ta yi nisa tsakaninmu, sai mahaifinta, Malam Bukar, ya aiko cewa kafin manya su shigo yana so in je ya gan ni da idonsa. Falmata ta gaya mini a waya cewa Baba ba mafaɗaci ba ne, amma akwai shi da kallo.

"Zai dube ka tun daga hula har takalmi, ba zai ce uffan ba," in ji ta. "Don Allah ka zo tsaf."

Wannan "tsaf" ɗin ita ta ja mini.

Ni mutum ne mai fuskar yara. Ranar da na kama aiki, mai gadin makaranta tsare ni ya yi a ƙofa yana tambayata ina kayan makarantata. Abin da ya fitar da ni kunya a gaban ɗalibai shi ne gashin baki, wanda na yi shekaru ina lallaɓa shi kamar mai renon dashen albasa. Haɓata kuwa ba ta da wannan haƙurin. Kwana ɗaya ya ishe ta ta fito da tsiro nan da can, kamar gonar geron da tsuntsaye suka riga mai ita zuwa.

Damina ce, ruwa ya cika ya yanke hanyar ƙauyen. Dole in kwana a Guri gidan abokina Sale, da safe mu shiga kwalekwale. Na je wajen mai askina ya gyara ni, amma na san kafin safiya haɓar nan za ta tona mini asiri. Shi ne na ce bari in sayi abin aski in jefa a jaka. (Ban taɓa aske kaina da kaina ba tun da aka haife ni. Wannan maganar ban tuna da ita ba sai daga baya.)

Mai shagon ya baje mini kaya a kan teburi. Ga na roba shuɗaye irin waɗanda ake yi da su a yar. Ga wasu masu baki uku a cikin kwali. Sai ga wani na ƙarfe, fari ƙal, mai nauyi a hannu, wanda ake murɗe mariƙinsa a buɗe kan a saka reza a ciki. Na ɗauki na roba, na ji shi sakayau kamar tsinken tsire. Na ɗauki na ƙarfen, na ji na zama wani.

"Malam ka san kaya," in ji mai shago. "Wannan na manyan mutane ne. Har jikokinka sai sun gaje shi."

"Yana da wuyar sha'ani?"

"Ina fa! Ka saka reza, ka murɗe, ka ja. Shi ke nan."

Mutumin da ke gaya mini wannan magana gemunsa har ƙirji yake, kuma ga dukkan alamu rabonsa da reza tun ranar sunansa. Amma ban tsaya na yi wannan tunanin ba. Na ga kaina a zuci ina fito da shi daga jaka a gaban Sale, yana cewa lallai mutumin nan ya isa aure. Na saya, na haɗa da reza guda ɗaya tak, don a ganina aski ɗaya zan yi.

Da safe a gidan Sale, bayan mun karya, na ɗauki buta da sabulu da wani ɓallin madubi na shiga banɗaki. Na jingina madubin a kan katanga, na saka reza, na murɗe iya yadda na ga ya yi. Ashe bai yi ba. Na shafa kumfa, na dafa abin a haɓa da ƙarfin da na saba ganin mai aski yana dafa kilifa, na ja.

Zafin bai zo nan take ba. Jinin ne ya fara zuwa.

Na ce ba komai, farkon koyo ne. Na sake ja, na sake yankewa. Da na gama da haɓa ta zama kamar na yi kokawa da mage. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na lura gefen hagu na gashin bakina ya ɗan fi na dama tsawo, na ce bari in ɗan taɓa bakinsa kawai. Kan abin yana lilo, ja ɗaya na yi sai ga fili ya buɗe a tsakiyar ɓangaren hagu, fes, kamar an share wurin shanya. Na yi ƙoƙarin gyarawa, filin ya ƙara faɗi. Na sake gyarawa, ɓangaren hagu ya tafi gaba ɗaya.

Na tsaya ina kallon kaina, idona ya kawo ruwa. Na yi ta maza na ce to, ƙaddara ta riga ta faru, a kwashe sauran a huta. Gashi ya cushe bakin rezar, sai na girgiza abin da ƙarfi don ya zube. Kan ya fice daga mariƙin, shi da rezar, suka yi tsalle ɗaya a ƙasa suka nufi ramin masai. Ko ƙara ban ji ba. Aka bar ni riƙe da ɗan sandan ƙarfe, abin da jikokina za su gada ke nan.

Da na fito Sale ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe, ya juya ya dafa bango. Kafaɗunsa kawai nake gani suna rawa.

"Sale, ba lokacin dariya ba ne. Nemo mini reza."

"Wace reza? Mai jirgi ya aiko tun ɗazu, mu kaɗai ake jira. In ya tafi sai na yamma, kuma ka san tsohon nan da safe ya ce."

Ya shiga ɗaki ya lalubo wani takunkumin fuska da ya rage tun zamanin korona. "Saka wannan. In mun tsallaka sai mu sayi reza a wajen mai tebur, in ƙarasa maka a bayan wata bishiya."

Shawarar ta yi kyau a baki. Muka shiga kwalekwale, muka ratsa ta cikin ciyawar kacala, masunta suna ɗaga mana hannu, ni kaɗai da takunkumi a duk faɗin fadamar nan. Muna isa gaɓa sai ga yayan Falmata tsaye da babur, an turo shi ya tarye mu. Ba mai tebur, ba bayan bishiya. Ya gaishe mu, ya dubi fuskata.

"Lafiya dai, Malam?"

"'Yar mura ce," na ce. Don maganar ta zauna, sai na ɗan yi tari.

Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Malam Bukar ya fito, dogo, siriri, da carbi a hannu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa a natse, ya tambayi mutanen gida da hanya da ruwa, sannan ya fara kallon da aka ba ni labari. Ya dubi hula. Ya dubi riga. Ya zo kan takunkumi ya tsaya. Duk lokacin da idonsa ya tsaya a nan sai in ji dole in ba shi dalili, sai in yi tari. Tun ina yin ƙarami har na koma mai fitowa daga ƙirji. Sale yana zungurina da gwiwa, ni kuwa na ɗauka cewa yake in ƙara.

Can sai ga kakar Falmata ta shigo tana dogara sanda, tsohuwa mai bakin wasa, riƙe da kofin silba.

"Ina mijin nawa? Tun daga ɗaki nake jin tarinka. To ni ba na auren rago. Ungo, shanye."

Jiƙo ne, baƙi ƙirin. Na juya baya wai kunya, na ɗaga takunkumin ta ƙasa na kafa kai. Ɗacinsa har cikin kunnena na ji shi. Wannan karon tarin da ya biyo baya na gaskiya ne, har da hawaye.

Da na lafa, Malam Bukar ya ajiye carbinsa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Yaro, tarin nan ya daɗe?"

"A'a Baba, kwanan nan ne."

"Ba don in ɓata maka rai ba. Ina da ƙane, da irin wannan ya fara, muna cewa mura ce. Kafin mu kai shi asibiti abin ya ci ƙarfinsa." Ya dube ni. "Na ji alherinka a bakin mutane. Amma ka koma Haɗeja a duba ƙirjinka tukuna. Maganar nan a ajiye ta har Allah ya ba ka lafiya."

Ba ma ajiye maganar ce ta fi damuna ba. Fuskar dattijon nan ce, yadda na ga ya koma baya yana tuna ɗan'uwansa, duk saboda ni da gashin bakina. Bayan labulen ƙofar cikin gida kuma na hango ƙafafu, na san ko na wace ce.

"Baba," na ce, "ƙirjina lafiya ƙalau. Ba ni da mura. Fuskata ce ba lafiya."

Na sa hannu na cire takunkumin.

Malam Bukar ya dubi ɓangaren dama, inda malamin sakandare yake zaune da mutuncinsa. Ya dubi ɓangaren hagu, inda ɗan aji uku yake. Ya sauko kan haɓa da zanen da ke jikinta. Kaka ta matso har ina jin numfashinta, ta ƙanƙance ido.

"La ilaha illallahu! Bukar, rabin miji suka aiko mana. Kai, ina ka baro sauran? Ko 'yan matan Haɗeja ne suka riƙe shi jingina?"

Na ji wata 'yar ƙara daga bayan labule, sai takun gudu. Sale ya kifa kansa a gwiwa. Malam Bukar ya ja gefen rigarsa ya rufe baki yana ta gyaran murya, amma idanunsa sun riga sun tona shi.

"Wane wanzamin ne ya yi maka wannan aikin?" ya tambaya da ƙyar.

"Ni ne, Baba."

Na kwashe labarin na gaya masa, tun daga shago har ramin masai. Ban rage komai ba, don babu sauran abin da zan kare. Da na zo kan maganar gado ga jikoki, dattijon nan da aka ce ba ya cewa uffan ya yi dariya har yana share ido da hula.

"Alhamdu lillahi," ya ce da ya nutsu. "Ka ba ni tsoro, yaro. Wannan ciwon naka kafin girbin shinkafa ya warke. Gobe kada ka sake sayen cuta don ka ɓoye kunya." Ya juya wajen ɗansa. "Je ka kira wanzami ya raba gardamar nan, a kawo musu abinci."

A ƙofar gidan, a kan turmi, wanzamin ƙauyen ya kwashe abin da ya rage da aska. Na koma zaure da fuskar da mai gadi ya taɓa tsarewa, na ci tuwon shinkafa da miyar kifi kaina a sunkuye. Da za mu tafi Malam Bukar ya rako mu har bakin ƙofa, ya ce in gaya wa iyayena yana jiransu.

Falmata ba ta fito ba ranar. Sai da muka tsallaka ruwa ta kira ni, na ɗauka, ba ta iya cewa komai ba sai dariya, ta kashe. Ta sake kira, ta sake kashewa. A na ƙarshe ne ta samu ta ce, "Ni fa cewa na yi ka zo tsaf."

An yi auren bayan girbi. Tsohuwar nan kuwa, Allah ya jiƙanta, tun ranar ta raɗa mini suna Rabi, kuma har ta koma ga Allah ba ta kira ni da wani ba. Ko a gidan suna, cikin taron mata, sai ta ɗaga murya: "Ina Rabi? A ce wa Rabi ya shigo mu gaisa." Sai ka ga mata biyu sun miƙe, ni na uku.

Abin da na koya dai kaɗan ne. Duk abin da ba ka taɓa gwadawa a gida ba, kada ka fara gwada shi a kan fuskarka ranar zuwa gidan surukai. In kuwa ka riga ka yi ɓarnar, shiga da ita a fili a yi dariyar a gama. Ni da na ɓoye tawa, dariyar ba ta fasa ba, sai jiƙo da na sha a kai.