Kaset Ɗin Bakwai Ba Gudu Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji mai nauyin dutsen niƙa, ni Tsawa, makaɗin gangunan ƙungiyar Bakwai Ba Gudu, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a kan dandamali sanda ba ta taɓa suɓuce masa ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsinka takalmi a gaban kiɗanmu, rasuwar abokin zamana Kaset. Ya cika ranar Talata da la'asar, yana da shekara arba'in da uku a duniya. 'Yata ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Ban shiga aji ba, kuma har yau ban ga abin da masu shiga suka fi ni da shi ba.

An haifi marigayin a ɗakin ajiya da ke bayan shagon Tela, mai kaɗa mana babbar jita. Mun toshe taga da buhunan ƙyalle, muka kashe fanka muka rataye makirfo ɗaya tal a jikinta, mu bakwai muna zufa kamar masu gasa burodi. Masu ƙaho uku, masu jita biyu, ni a kan ganguna, sai Kanari mawaƙinmu a tsakiya. Da ska muka fara, kiɗan nan mai tsalle kamar wanda ya taka yashi mai zafi ba takalmi. Daga baya muka sassauta muka koma rege, inda babbar jita ke tafiya a hankali kamar attajiri zai shiga kasuwa. Masu baƙin ciki suna cewa a rediyo muka ji muka kwaikwaya. To, a rediyo muka ji. Amma wa ya gyara shi ya zauna daidai da ƙafar mutanenmu? A tambayi wannan hannun.

Waƙa tara muka zuba a cikin marigayin, biyar a gaba, huɗu a baya. Ba mu taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba. Kanari a ka yake ɗauke da waƙoƙinsa, yana cewa takarda ta masu mantuwa ce. Wata biyar da yin kaset ɗin zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu ya tafi, ya bar matarsa da ciki. Danginta suka zo suka tafi da ita can nesa. Daga nan Bakwai Ba Gudu ta watse ba tare da kowa ya ce a watse ba. Yau huɗu na ƙasa. Saura ni, da Tela wanda kunnensa na dama ya yi ritaya, da Kumatu mai ƙaho wanda haƙori uku suka rage masa, su ma ba sa ga maciji da juna. Ni kuwa ko tabarau ban sa ba.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da riƙon amana. Gida shida na tashi da shi. Ruwa ya taɓa cin ɗakina har gwiwa, katifa ta tafi, shi yana kan kaina cikin hula. Rediyo uku suka yi yunƙurin cinye shi, ina zaro zarensa da tsinke, in liƙe da jan farcen uwar 'ya'yana, in naɗe da biro, ya tashi garau. Bai taɓa ƙara wa Kanari shekara ko ɗaya ba. Mu muna ta tsufa, shi yana nan da ɗan shekara talatin a cikinsa.

Wanda ya san shi ba zai manta yadda yake buɗe baki ba. Da farko sai ya yi ssss, kamar ruwa a kan kwano. Sai tarin Kanari sau biyu. Sai muryarsa: "Ɗaya, biyu... Tsawa, rage hannu, ba ɓarawo muke bi ba." Sai dariyar mutum biyar. Sannan jita ta shiga, caka, caka, caka, ƙahoni su tashi gaba ɗaya.

A nan ya kamata in share wata magana da ake yawo da ita. Gaskiya ne ban taɓa bari an kwafi marigayin ba. 'Yata ta yi shekara goma tana cewa, "Baba, kawo a zuba shi a waya, abin nan ba ya da na biyu." Ina ce mata ba kowane kwano ake zuba wa zuma ba, ɓarayin waƙa sun cika gari. Kumatu kuwa yana bin shaguna yana cewa wai don kada duniya ta ji an ce in rage hannu ne. Ƙarya yake yi. Mutumin da ba ya iya tauna biredi sai ya jiƙa, maganarsa ma a jiƙe take.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Watan jiya wata ma'aikaciyar gidan rediyo ta neme mu, ta yi hira da mu a shirinta na tsofaffin makaɗa, ta ce za a ba mu babban zaure ƙarshen wata mu dawo da Bakwai Ba Gudu. Tela ya ɗinka mana riguna iri ɗaya. Kumatu ya wanke ƙahonsa da toka da lemun tsami. Abin da ya rage mawaƙi. Ashe cikin nan da Kanari ya bari mace aka haifa, ungozoma ce yanzu, kuma ta ji shirin. Ta kira waya. Da ta ce "Salamu alaikum, Kawu," sai da na zauna, don maƙogwaron ubanta ne sak. Ta ce ba ta taɓa jin muryarsa ba, ko hotonsa ɗaya ne a hannunta. Muka shirya ta zo ranar Talata ta saurari kaset, ta koyi waƙoƙin tara, ta tsaya inda ya tsaya.

Ranar Litinin na kunna shi don gwaji, sai na ji muryar Kanari tana ja, tana nauyi, kamar wanda aka tasa daga barci. An sha ruwan sama kwana da kwanaki, ɗaki ya yi danshi. To ni makaɗi ne. Idan fatar ganga ta sha sanyi ta saki, ba a kai ta asibiti, rana ake nuna mata ta ɗaure. Haka na yi shekara sittin ina yi, ban taɓa asarar ganga ba. Talata da hantsi na ɗora marigayin a kan kwanon rufin shagon Tela.

Tela ya leƙo ya ce, "Tsawa, roba ce fa, ba fatar akuya ba."

Na ce, "Kai dai ji da allurarka. Da kunne ɗaya za ka koya mini sauti?"

Na tafi aski don in tari baƙuwa da kyan gani. A can wanzami ya kawo maganar wai akwai wani makaɗi a zamaninmu da ya fi ni hannu. Ba a barin irin wannan magana a ƙasa. Ban fito ba sai bayan azahar.

Na sauko da marigayin da gefen riga, don ba ya taɓuwa. Ya ɗan lanƙwashe kamar busasshen ganye. Na sa shi a inuwa, na yi masa fifita, ban gaya wa kowa ba. Da la'asar 'yar Kanari ta iso da jakar aikinta a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a kan kujerar keken ɗinki ta haɗa hannuwa a cinya. Kaset ya ƙi shiga rediyo, na danna shi da tafin hannu. Ya yi ssss. Kanari ya yi tari sau biyu, ta dafe bakinta. Ya ƙirga, ya ce in rage hannu, aka yi dariya. Jita ta shiga. Ya ja numfashi zai fara waƙa, sai marigayin ya yi wani kuka, wiii, wauu, ƙirrr, ƙas. Shi ke nan.

Ta ce, "Kawu, mayar da shi baya."

Ba bayan da za a mayar. Mai gyaran rediyo ya buɗe shi da ƙaramin sukundireba, ya tarar zaren ya narke ya manne ya zama dunƙule ɗaya. Kamu ɗaya na zaren ya iya cetowa, na farkon nan. Ina so a rubuta cewa ranar yanzu ba irin ta da ba ce, ta fi zafi, kowa ya sani. 'Yata ta ɗago kai tana kallona. Na ce ta rubuta yadda na faɗa.

Marigayin ya rasu ya bar gidansa na roba mai tsaga a murfi, da biron da ya yi shekaru yana naɗe shi, da rediyon da ya cika a bakinsa, wanda ba na son ganinsa yanzu. Ya bar riguna huɗu sababbi a rataye. Ya bar tsofaffi uku da suka zauna ranar Laraba daga safe har yamma don su tono waƙoƙin daga ka. Ni na riƙe kowane bugu na waƙa tara, ko a kabari aka tashe ni zan kaɗa. Kumatu na iya gunjin nasa da hanci. Amma kalmomin fa? Shekara goma sha ɗaya ina zaune bayan Kanari, shekara arba'in da uku ina kunna shi, ashe hannuna kawai nake saurare. Amshi ɗaya da rabi muka haɗa, a kansa ma Tela ya ce matar da ke cikin waƙar tafiya take yi, Kumatu ya rantse dawowa take. Ma'aikaciyar rediyo ta ji labari, ta yi mana jaje, ta ce za su neme mu. Na san irin wannan neman.

Kamu ɗayan nan na bari an zuba shi a wayar 'yar Kanari. Ta saurara sau goma sha ɗaya a gabana, ina ƙirgawa. Sannan ta ce, "Kawu, da Baba ya ce ka rage hannu, ka rage?"

Na ce, "Ban rage ba."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan shagon Tela, inda aka haife shi. Na tambayi liman, ya ce ba a yi wa roba salla, don haka za mu naɗe shi a farin ƙyalle, mu sa a gwangwanin madara, mu binne a gindin bango, wajen inuwa. Ba a bukatar kowa ya kawo komai na ci. Amma duk wanda ya taɓa rawa a gabanmu, ko uwarsa ta taɓa rera waƙarmu tana wanki, in ya tuna ko rabin baiti ne, don Allah ya zo da shi. Mun ajiye benci biyu, ko da yake Tela ya ce ɗaya ma zai yi yawa. Bayan an rufe ƙasa 'yar Kanari za ta tsaya a tsakiya, inda ubanta yake tsayawa, ni kuma zan kaɗa waƙoƙin tara daga farko har ƙarshe, ko da ba abin da za ta ɗora a kai. Wannan karon zan rage hannu.