Sharaɗin da Malam Dila Ya Haɗiye

Shekara uku Dajin Gwandai bai ga wutar lantarki ba. Injin niƙa ya yi tsatsa, nama na ruɓewa a firjin fada, jakuna kuwa, talakawan ƙasar ke nan, sun gaji da kuka sun yi shiru. Sai Kura, ministar wuta, ta zo da shawara: a shimfiɗa faifan sola dubu hamsin, a tatsi rana. Bankin Kada zai ba da rance. Jinginar ita ce Fadama, wurin kiwon jakuna tilo.

Aka ɗora wa Malam Dila aikin duba ko abin zai biya kansa. Dila irinmu ne 'yan boko: digiri biyu, tabarau, da tsoro fal ciki. Wata biyu yana fama da alƙalami. Ya auna zafin rana, ya cire kwanakin hadari, ya sa ladan masu wanke faifai da kuɗin ruwan banki na shekara ashirin. Rana kam akwai ta, har ta yi yawa. Masu biya ne babu. Fada ba ta taɓa biyan kuɗin wuta ba, gidajen ministoci ko mita ba a sa musu ba. Jakuna kaɗai ke biya, nasu kuma ko kuɗin ruwan ba zai rufe ba.

Ya dunƙule komai a jimla guda: "Aikin zai biya kansa in fada da ministoci za su riƙa biyan kuɗin wuta." Ya yi ta bitar ta gaban madubi, har shi da kansa ya fara jin tsoron kansa.

Ranar zaman majalisa wata tsohuwar jaka, Goggo Kande, ta tare shi a ƙofar fada.

"Malam, mu ba mu iya lissafi ba. Kai ne idonmu."

"Kwantar da hankalinki, Goggo. Yau za su ji."

A ciki Kura ta zuba jawabi. "Wannan gwamnati mai adalci za ta kai rana har cikin akurkin kaza. Duhu ya zama tarihi." Aka tafa. Sarki Zaki ya juyo.

"Malam Dila, a taƙaice."

Dila ya miƙe, ya gyara tabarau. "Ranka ya daɗe, aikin zai biya kansa in..."

Daidai nan Zaki ya yi hamma. Hamma ce kawai, wallahi, ta gajiya. Amma Dila ya ƙirga haƙora har sha huɗu, ya haɗiye sauran maganar.

"In sha Allahu," Kura ta ƙarasa masa.

"In sha Allahu," majalisa ta amsa baki ɗaya.

To, wane ne zai tashi a gaban jama'a ya ce ba haka yake nufi ba? Dila ya raya a ransa cewa ai sharaɗin na nan a shafi na casa'in na rahotonsa, mai so ya karanta. Ya sa hannu. Aka ba shi alawus da lambar yabo.

Wuta ta zo, fada ta yi fes, ba wanda ya biya sai jakuna. A shekara ta huɗu, da bashi ya ƙi biyuwa, Kada ya turo ma'aikata suka zagaye Fadama da wayar shinge. Dila ya ji zafin abin ƙwarai, har ya rubuta muƙala a kai.

Wata safiya ya yi kiciɓis da Goggo Kande a bakin wayar, haƙarƙarinta duk a waje.

"Malam, an ce ranar nan an tari numfashinka. Me ka so faɗa?"

Dila ya gyara murya ya zazzago mata jimlar tun daga farko har ƙarshe, ba in'ina, ba gargada. Bai taɓa faɗar ta da daɗi haka ba.

Goggo ta saurara har ya dire.

"Magana ta yi kyau, Malam," ta ce. "Sai dai ni ina biya."

Ta mayar da kai tana kallon ciyawa ta cikin waya.