Cindo Ya Zama Ɗalibin 'Yarsa

A ƙauyen Tudun Gawo akwai wani mutum, Cindo, mai yatsu shida a kowane hannu. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da aka ce masa, haka zai yi shi cif. Yana zaune da matarsa Tasalla da 'yarsu Jummala, wadda lissafi ya gagara, har Malama Saude ta ce in ba ta gyara ba za ta maimaita aji. Kullum yarinyar da kuka take dawowa.

Wata rana Malama ta ce, “Malam Cindo, ka samo mata duwatsu ta riƙa ƙirgawa.” Ya ari amalanke, ya jibge duwatsun gini a tsakar gida. Jummala ta ɗaga ɗaya da ƙyar, ta zauna tana haki. Tasalla ta leƙo daga madafa.

“Malam, gini za mu yi?”

“Ilimi ne, matsa.”

Wata rana kuma Malama ta ce a bar duwatsu, ta yi da yatsu, in nata sun ƙare ya ƙara mata nasa. Washegari ya bi Jummala har cikin aji, ya tsugunna gefen benci ya baje hannuwa. Aka ce biyar da biyar. Ta ƙirga yatsun Baba kaf, ta ce goma sha biyu. Yara suka yi ta dariya, ita ko ta ƙi cin tuwo ranar.

Malama ta gaji, ta ce, “To, nemo mata wanda bai kai ta sani ba, ta koya masa.” Ƙaramin yaro take nufi. Cindo ya bi gida-gida yana gwada yara, kowanne ya riga shi amsa. Ya dawo ya shimfiɗa tabarma gaban 'yarsa, ya tanƙwashe ƙafa.

“Na duba garin nan, ni kaɗai na rage.”

“Baba, bakwai da takwas?”

“Ashirin.”

“Kai, Baba! Sha biyar ne!”

Kullum da la'asar haka suke, yana kuskure da gaske, tana gyara masa tana ƙyalƙyala dariya, har amsa ta riƙa fito mata ba tunani.

Da sakamako ya fito, Jummala ta wuce aji na gaba. Cindo ya cire hula, ya ce, “Malama, ni fa?”

Jummala ta kama hannunsa. “Baba, kai za ka maimaita.”