Fuskar Uban Manhaja Ta Ƙi Ƙaura

Gaskiya duniya ba ta kyauta wa Uban Manhaja ba. Mutumin da ya zauna shi kaɗai a ɗakin ajiyar kaya, tsakanin mataccen firiji da keken ɗinki, ya ƙirƙiro manhajar hira, ya sake ta kyauta, ai ya cancanci a riƙa miƙewa idan ya shigo. Da ya ga mutane ba su da wannan tunanin, sai ya yi tunanin a madadinsu. Duk wanda ya buɗe manhajar, hoton Uban Manhaja ne zai cika masa allo, hannu a haɓa, ido a sama, yana juyawa a hankali har sai an ga kunnuwansa duka biyu. Babu wurin danna tsallakewa. Ya ce don tarbiyya aka yi haka.

Manhajar buɗaɗɗiya ce, wato rubutun cikinta a fili yake ga kowa, kuma babu abin da bawan Allahn nan yake so kamar faɗin haka a taro.

"Ni ban san rowa ba," in ji shi. "Da hannuna na rubuta a lasisi: kowa ya kwafa, kowa ya gyara, kowa ya raba. 'Yanci na ba ku, ba aro ba."

Matsalar ɗaya ce tak, ita ma 'yar ƙarama. Manhajar ba ta tashi sai a kan irin tsarin da ke tafiyar da kwamfutarsa. Mai wata irin kwamfuta ko waya sai dai ya ji labari. Cikin masu jin labarin har da 'yarsa tilo da ke aure a nesa, ga tsohon ciki, ga wayar da ba ta karɓar aikin mahaifinta. A gidansa kuwa doka ce, ba a taɓa manhajar wani. Uwar yarinya hankalinta duk yana can. So take ta ga 'yarta ido da ido, ta ga ko ƙafafun sun kumbura, amma in ta buɗe kwamfutar gida abin da take samun gani shi ne mijinta yana juyawa.

'Yan sa kai da ke taya shi aiki suka ce bari su ƙaurar da manhajar zuwa sauran tsare-tsare. Wata malamar lissafi ce ta ja gaba, a ranakun hutunta. Saƙo ya ƙaura lafiya. Kiran bidiyo ya ba su wahala, amma shi ma ya ƙaura. Abu ɗaya ne ya turje: hoton nan mai juyawa. Ashe da wani kayan aiki aka haɗa shi wanda babu shi sai a tsarin maigidan, in an kai shi wani wuri sai ya sandare, ya sandarar da komai. Suka ba da shawara cikin ladabi a cire shi, ko a sa wanda ba ya motsi.

Uban Manhaja ya haɗe rai. "Hoto marar motsi na matattu ne. Ni kuwa ina nan da raina."

Yana kuma da ƙa'idar aiki wadda yake alfahari da ita: babu gyaran da zai shiga sai ya gwada shi da kansa, a kwamfutarsa. Ya ɗauki abin da aka haɗa don wayoyi, ya danna a kwamfutar, ya ƙi buɗewa. Ya rubuta musu cewa ya gwada, ba ya aiki. Malamar ta yi bayani cewa ai dama ba don irin kwamfutarsa aka yi wannan ɓangaren ba.

"Malama, abin da bai yi aiki a gabana ba, bai yi aiki ba."

Matarsa ta same shi a ɗakin ajiyar kayan. "Maigida, don girman Allah, watan yarinyar nan ya kama fa."

"Ita ta zaɓi wayar da ba ta san darajar mahaifinta ba," ya ce, ya ci gaba da goge allo.

To, mutanen nan marasa kunya sai suka ɗauki maganarsa ta taro da gaske. Suka kwafa, suka gyara, suka raba. Suka sa wa tasu sabon suna, tana tashi a kowace na'ura, har da tasa, suka yi masa godiya a can ƙasan wani shafi da ba a cika leƙawa ba. Da labari ya iso shi, ya tsara dogon jawabi a kan cin amana, ya tura wa jama'a ta manhajarsa. Shiru, ko mutum ɗaya babu a kan layi. Ya ce kunya ce ta hana su magana.

Wata safiya ya ji ihun matarsa daga kicin. Ya tarar da ita tana dariya tana hawaye, waya a hannu, sabuwar manhajar a buɗe. An haihu, namiji. Ta miƙo masa wayar, ya kau da kai, ya ce shi ba ya kallon kayan sata. Ya koma ɗaki ya buɗe tasa, ya kalli kansa yana juyawa, ya jira. Ba abin da ya shigo. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don shi ma jikan nan nasa ne na fari.

Da la'asar ya turo ƙofa, ya sauke kayan satar. Nan take ta buɗe, babu fuskar kowa. Ta ce masa barka da zuwa, sabon baƙo, ko yana so a nuna masa yadda ake amfani da ita? Ya waiga bayansa, sannan ya danna e.

Ya shiga zauren hirar dangi, hoton jaririn ya fito. Ya ƙara masa girma, ya duba goshi, ya duba haɓa, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Zo ki ga ikon Allah. Faɗi gaskiya, wa ya ɗauko?"

Ta leƙo ta kafaɗarsa. "Ubansa sak. Ko kunnenka bai ɗauko ba."