Yadda Za Ka Raba Tuffarka da Bishiyar Maƙwabciya

Kai mai bishiyar tuffa a bayan gida, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ɗan tuffa ɗaya na wani ba zai sake faɗowa a ciyawarka ba. Ba ji na yi ba, gani na yi, don maƙwabcinmu Ottmar ya bi su sau da ƙafa. Shekara tara a jere tuffarsa ke lashe gasar kaka ta ƙauyenmu, kuma duk wanda ya jera goma ana zana sunansa a allon tagulla na zauren taro. Saura masa ɗaya tak.

1. Nemo mai laifi

Kada ka duba lambunka, duba na wani. Ottmar ya sa wa tsohuwar bishiyar Renate ido, wato gwauruwar da ke bayan shingensa. 'Ya'yanta ƙanana ne, ga tsami, ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya kai baki. Tana zubo masa su a ciyawa, tana kuma tare masa ranar yamma.

2. Ɗauko tef ɗin awo

Gaisuwa ba ta yanke hukunci, awo ke yankewa. Ottmar ya auna sau biyu, sannan ya ɗaga murya.

"Renate, reshenki ya shigo min gida taku biyu da rabi!"

"To ka ba shi kofi ya sha mana, tunda baƙonka ne," ta ce. "Marigayi ne ya dasa ta, Ottmar. Kuma da bazarta taka ke rawa, kai dai ba ka sani ba."

In an faɗa maka haka, yi dariya. Gwani ba ya ɗaukar karatu ta kan shinge.

3. Rubuta takarda

Wasiƙa uku zuwa ofishin ƙauye, haɗe da hoto da lambar doka. In matarka ta ce, kamar yadda Gisela matar Ottmar ta ce, "Haba maigida, shekara talatin muna cin kek ɗin matar nan," gaya mata doka ba ta san kek ba. Renate ta gaji da zuwa amsa tambaya, ta kira mai zarto ya sare bishiyar. Ranar ta saki labule, ba ta leƙo ba har yamma. Ni kam abin ya sosa min rai, amma ba a neman ra'ayina a wannan mataki.

4. Zauna ka sha kallon fure

Da sanyi ya wuce bishiyar Ottmar ta yi fure fari fat, har masu keke na tsayawa. Furen ya kaɗe, shiru kake ji. Ashe irin tuffarsa ba ta ɗaukar 'ya'ya sai ƙudan zuma sun kawo mata garin fure daga wani iri dabam, kuma duk unguwar babu wata sai wadda aka sare. Kaka ta yi, ya girbe tuffa huɗu, biyu da tsutsa. Kofin gasar ya tafi gidan wani malamin makaranta.

5. Cire hula ka ƙwanƙwasa ƙofa

Wannan matakin Gisela ce ta ƙara shi, da tsinin lema a bayansa. Ottmar ya tsaya gaban Renate yana murza hula.

"Na ce ko ɗan reshe ya rage, in yi wa tawa aure da shi?"

"Ayya, ka makara," ta ce. "Duk hunturu da ita na ji ɗumi. Ka san itacen tuffa akwai ƙamshi a murhu." Ta shiga ta fito da 'yar kwalbar jam, wato dafaffiyar tuffa da sukari ta shafa wa burodi. "Ungo, ka kai wa Gisela. Na ƙarshe ke nan daga bishiyar."

Gargaɗi

In ka bi matakan nan ka tashi a tutar babu, kada ka zo min ƙofa da tef. Ciyawa mai tsabta na yi alkawari, ban ambaci allon tagulla ba. Je ka duba ta Ottmar: tas take, babu tuffar Renate a kai, babu tasa.